Wai wani zai iya mallakar dillancin aiki don kawai ya ɗora shi a kwamfuta?

Sadiq_TudunWada
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya hana ni sakat, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai haska mini. Daga nan Kaduna nake yi wa wani ƙaramin kamfani na Amurka aikin rubuta manhaja. Manhajar ba wani abin a zo a gani ba ce. Ma'aikatan jinya su shigar da takardunsu da ranakun da suke da sarari da iya nisan da za su iya zuwa, gidajen kula da tsofaffi su shigar da irin wanda suke nema, ita kuma ta auna ta jero wanda ya fi dacewa a sama. Makon jiya oga ya kira mu taro fuska babu walwala, wai lauyoyi sun aiko takarda cewa wanda suke wakilta yana da faten, wato takardar hukuma ta mallakar ƙirƙira, a kan wannan hanya, ko a biya kuɗin lasisi ko a haɗu a kotu.

Na buga faten ɗin a takarda na zauna da shi bayan isha'i, da fitilar waya ma na ƙarasa don an ɗauke wuta. In ka tace turancin lauyoyin, abin da ya rage shi ne: a tara bayanan masu neman aiki wuri guda, na masu ɗauka wuri guda, a ba kowace siffa nauyinta, a haɗa maki, a jera, a aika saƙo. Wallahi wannan shi ne aikin da gwaggota ta shekara da shekaru tana yi da ka, tana haɗa matan gida da masu aikatau, ta san wacce ta iya girki, wacce ba ta son gida mai yara da yawa. To ta yaya hukuma ta ba mutum takardar mallakar wannan? Lauyanmu ya ce zai yi faɗan ne a kan cewa abin a fili yake, ba ƙirƙira ba ce. Me ake nufi da hakan a shari'ance, kuma ana cin nasara da shi?

Dan_Kurmi
Ni da na ga faten na ɗauka na tsaki ne ko na wake, har na wanko hannu.

Barista_Hauwa
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Kafin komai, kada ka saka lambar faten ɗin a nan, kada ka faɗi sunan kamfaninku, kuma kada ka rubuta wa oganka ra'ayinka a imel, irin "ni dai na ga kamar namu ya yi kama da nasu". A shari'ar Amurka ɗaya ɓangaren yana da ikon neman a fito da irin waɗannan saƙonni, kuma in kotu ta gamsu cewa da gangan aka keta, tana iya ninka diyya har sau uku. Abin da za ka faɗa, faɗa wa lauya da baki.

Game da tambayarka, maganar tana sashe na 103 na dokar faten ta Amurka, wanda ya shigo a dokar 1952. Ko da ba a taɓa yin abu daidai irin naka ba, ba za a ba ka faten ba in bambancinsa da abin da aka riga aka sani ƙanƙani ne, har ya zama mai matsakaicin sani a wannan sana'a zai iya hango shi a lokacin. Lura da kalmar mai matsakaicin sani. Ba gwanin gwanaye ba, ba kuma ɗan koyo ba. Kotu ce ke ƙaddara wannan mutum a zuci, ta ce a ɗauka ya karanta duk abin da aka wallafa a fannin kafin ranar da aka shigar da neman faten ɗin, sannan ta tambaya ko zai kai ga abin ba tare da wata baiwa ta daban ba.

Tushen abin tsoho ne. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta soke faten wani da ya yi mariƙin ƙofa da yumɓu maimakon katako ko ƙarfe, ta ce wannan aikin ƙwararren mai sana'a ne, ba na mai ƙirƙira ba. A 1966, a shari'ar Graham da kamfanin John Deere, wadda aka yi a kan wani sashe na garma da ke hana ta karyewa a ƙasa mai duwatsu, kotun ta shimfiɗa matakan da ake bi har yau: a duba me aka sani a da, a duba bambancinsa da abin da ake da'awa, a duba matakin sanin masu sana'ar, sannan a kalli wasu alamu na gefe, kamar ko an daɗe ana neman mafita an rasa, ko wasu sun gwada sun kasa.

Sadiq_TudunWada
Na gode Barista, Allah Ya saka da alheri. Imel ɗin kam saura ƙiris in tura jiya, Allah ne Ya taƙaita.

Injiniya_Bashir
In ƙara a kan abin da Barista ta faɗa, shari'ar da lauyanku zai fi riƙewa ita ce ta KSR da Teleflex, ta 2007. Totur ɗin mota ne ake rigima a kai. Akwai totur da ake iya matso da shi gaba ko baya gwargwadon tsawon direba, an san shi. Akwai na'urar lantarki da ke gaya wa kwamfutar mota iya yadda aka taka, ita ma an san ta. Sai aka haɗa biyun aka karɓi faten. Kafin nan kotun ɗaukaka ƙara ta kan dage sai ka nuna inda aka koyar ko aka yi ishara a haɗa abubuwan biyu. Kotun Ƙoli baki ɗaya, ta bakin Mai Shari'a Kennedy, ta ce an tsaurara da yawa. In ka haɗa sanannun abubuwa, kowanne yana yin aikin da aka san shi da shi, sakamakon kuma bai ba kowa mamaki ba, to da wuya a kira shi ƙirƙira. Har ta ce mai sana'a ba mutum-mutumi ba ne, yana da hankalin kansa.

Naku ma haka na gan shi. Rumbun bayanai sananne, ba da maki sananne, tura saƙo sananne. An dai canza wa tuwo suna.

Ummu_Khalil
Ni tambayata, ba satar fasaha ce irin ta finafinai ba? Wadda 'yan Kannywood suka yi ta kuka da ita lokacin faifai?

Barista_Hauwa
A'a Ummu, hanyarsu daban. Waccan haƙƙin mallakar rubutu da waƙa da fim ce, kuma sai ka kwafi aikin mutum za a kama ka. Rubutun manhajar Sadiq ma yana ƙarƙashin irin wannan kariya. Faten kuwa hanyar yin abin yake karewa. Ko ba ka taɓa jin sunan mai shi ba, ko da kanka ka zauna ka gano, in ka bi matakan da ya rubuta a da'awarsa ka keta. Shekara 20 daga ranar da ya shigar da nema. Shi ya sa ake sa masa sharuɗɗa masu nauyi.

Malam_Tanko_Zariya
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Kowa a nan ya taru a kan mai faten kamar an kama ɓarawon akuya, alhali babu wanda ya karanta takardar sai Sadiq, shi ma da fitilar waya, kuma yana ɓangaren waɗanda ake zargi a cikin maganar. Kacici-kacici in an faɗa maka amsarsa sai ka ce ai da sauƙi. Yau kowane yaro da ya yi wata shida yana koyon rubuta manhaja zai haɗa maka wannan, amma tambayar ba yau ba ce, ranar da aka shigar da takardar ce. In a ƙarshen shekarun 1990 ne, lokacin da yawancin masu neman aiki jarida suke saya su duba shafin talla, wa ya ce a fili yake?

Na faɗi haka ne don ya taɓa faruwa da ni. Na yi kusan shekara biyu ina gyara wata 'yar injin ɓare gyaɗa, ina canza tazarar haƙoranta har ta daina fasa ƙwaya. Wani maƙeri ya zo ya tsuguna ya kalle ta bai fi minti goma ba, wata guda bayan nan ga irinta a kasuwa. Da na yi magana sai ya ce, "Malam ai wannan kowa zai iya." To me ya hana kowa ɗin ya yi kafin ni?

Injiniya_Bashir
Malam Tanko, ranka ya daɗe, maganarka dutse. Kotunan ma sun san da wannan tarko na hange bayan an ga amsa, suna gargaɗi a kai kullum. Kuma injinka misali ne mai kyau na alamun gefen da Barista ta ambata: an daɗe ana fama da fashewar ƙwaya, wasu sun kasa, da ka yi aka kwafa. Amma haɗa mutum da aiki ta hanyar lissafi ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1952 Amurka take da tsari guda na rarraba sababbin likitoci zuwa asibitocin da za su yi horo. Likita ya jera asibitocin da yake so, asibiti ya jera likitocin da yake so, a bi ƙa'ida a haɗa su. A 1962 David Gale da Lloyd Shapley suka wallafa lissafin da ke tabbatar da cewa kullum ana iya haɗa ɓangarori biyu ta yadda ba za a samu wasu biyu da suka fi son juna a kan waɗanda aka ba su ba. Da misalin aure ma suka yi bayanin. Shapley da Alvin Roth sun karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012 a kan wannan fanni. A intanet kuma shafin neman aiki na Monster ya fara tun 1994. Wanda zai ce shi ya fara auna son ɓangarori biyu yana da dogon bayani a gabansa.

Baffa_Houston
Akwai shari'ar da ta yi kama da taku sosai, na bi ta lokacin da ake yi. Wani kamfani mai suna Lumen View ya kai shafin FindTheBest ƙara a New York a 2013. Faten ɗinsu a kan ɓangarori biyu su shigar da abin da suke so, kwamfuta ta haɗa su, kuma ma'aikaci da mai ɗaukar aiki na cikin misalan da suke bayarwa. Dala 50,000 suka nema a sasanta. Shugaban FindTheBest, Kevin O'Connor, ya ce ko sisi, gara ya kashe kuɗinsa a kotu. Mai Shari'a Denise Cote ta soke faten ɗin a Nuwamban wannan shekarar, ta ce wannan dalilin aure ne kawai, kuma masu dalili sun yi dubban shekaru suna yinsa. Kai Sadiq, gwaggonka ce ta ci wannan shari'a.

Barista_Hauwa
Baffa ka kawo misali mai kyau, amma da gyara. Ba da sashe na 103 aka kashe na Lumen View ba, da sashe na 101 ne. Mutane suna yawan cakuɗa su. Na 101 yana tambaya ko abin ma irin wanda ake ba faten ne, ko kuwa tunani ne zalla wanda ba a mallaka. Na 103 ya yarda irinsa ne, amma yana tambaya ko tazararsa da abin da aka sani ta kai. Bambancin yana da nauyi a aljihu. Na 101 alƙali yana iya yanke shi tun farkon shari'a daga karanta takardar kawai, musamman bayan hukuncin Alice da bankin CLS a 2014, inda Kotun Ƙoli ta ce ɗaukar tsohuwar dabarar kasuwanci ka ce "a yi ta da kwamfuta" bai isa ba. Na 103 kuwa sai an tono tsofaffin takardu, an ɗauko masana sun ba da shaida, kowane ɓangare da nasa. Ina zaton lauyan su Sadiq zai riƙe duka biyun.

Wani abu kuma, a waccan shari'ar alƙaliyar ta sa Lumen View ya biya kuɗin lauyoyin FindTheBest, don shafin ma ba ya haɗa ɓangarori biyu, mutum ɗaya ne ke neman kaya. Amma wannan ba kullum ake samu ba. A Amurka asali kowa shi ke biyan lauyansa ko ya ci ko ya faɗi, kuma a kan haka masu aiko irin waɗannan takardu suke cin abinci. Suna yanka kuɗin da bai kai na shari'a ba, don ka ga biya ya fi sauƙi.

Baffa_Houston
Na karɓi gyara Barista. Shi ya sa ba ni ne lauyan ba.

Dan_Kurmi
Mu nan manhajar haɗa mutum da aiki ai ba ta da wuya. Siffa ɗaya ce take da nauyi ɗari bisa ɗari: wa ya turo ka. A zo a karɓi faten a kan takardar sanata.

Zainab_Gombe
Dan_Kurmi ka bari don Allah, abin dariya abin kuka. Amma ni abin da ya fi damuna ba wa ya mallaki manhajar ba ne, yadda take aunawa ne. A 2018 aka ruwaito Amazon ta watsar da wata manhajar tace masu neman aiki da take gwadawa, don ta koya daga tsofaffin takardun da yawancinsu na maza ne, sai ta riƙa rage wa takardun mata maki. Gwaggon Sadiq in ta yi son kai za a iya zuwa a same ta a tsakar gida. Wannan fa wa za ka je ka samu?

Aliyu_Maradi
Sannunku. Ina da tambaya ta kusa da gida. Ni da abokina muna haɗa wata 'yar manhaja ta samo wa magina da masu walda da masu jan waya aiki a Maraɗi da Damagaram. Wannan mai faten na Amurka zai iya biyo mu?

Barista_Hauwa
Malam Aliyu kwantar da hankalinka. Faten iyakarsa ƙasar da ta ba da shi. Na Amurka ba ya aiki a Maraɗi, sai in mai shi ya nemi wani a hukumar OAPI da ke Yawunde, wadda rajista ɗaya a wurinta ke rufe ƙasashe 17, har da Nijar da Chadi da Kamaru. Matsalar su Sadiq ita ce kamfaninsu da masu amfani da shi duk a Amurka suke.

A Najeriya dokar ita ce ta 1970, ita ma ta ce dole abin ya zama sabo kuma bai biyo a fili daga abin da aka sani ba. Sai dai ofishin rajista a Abuja cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko da gaske ƙirƙira ce. Dokar da kanta ta ce ana bayarwa ne ba tare da lamunin inganci ba. Wanda yake ganin ba ta cancanta ba sai ya je Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke. Don haka in wani ya ɗaga muku takarda mai hatimi a nan, hatimin bai nuna an auna komai ba.

Ustaz_Nura
Ga masu tunanin ko addini ya san da irin wannan mallaka: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Malam Tanko yana da haƙƙi a kan maƙerin nan ko da kotu ba ta sani ba. Amma wanda ya kewaye rijiyar gari ya ce tasa ce, wannan wata magana ce daban.

Malam_Tanko_Zariya
Ustaz na gode. Ni ma ban ce mai takardar nan yana da gaskiya ba, cewa na yi a karanta tukuna. Wataƙila a cikin matakan nan shida akwai ɗaya da babu wanda ya taɓa yi.

Sadiq_TudunWada
Malam Tanko, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ba zan faɗi ainihinsa ba saboda gargaɗin Barista, amma akwai mataki na ƙarshe: in wanda aka zaɓa bai amsa ba cikin wani lokaci, a sake lissafi a tura wa na biye, a yi ta yi har gurbin ya cika. Shi ne ban samu a tsofaffin takardun da na duba ba. Amma ai ko yaro ya san in ka aika wa mutum bai zo ba sai ka aika wa wani.

Injiniya_Bashir
Ka ce wa lauyanku ya duba shari'ar Perfect Web da InfoUSA, 2009, in bai riga ya duba ba. Faten ne na tura imel da yawa: zaɓi mutane, tura, ƙirga nawa suka isa, in ba su kai adadin da ake so ba a maimaita. Matakai ukun farko an san su, na huɗun ne ba a samu a rubuce ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce maimaita abu har ya yi, hankali ne kawai ke ba da shi. Akwai kuma Muniauction a 2008, inda aka ce ɗora tsohon tsarin gwanjo a kan burauza ba ƙirƙira ba ce.

Barista_Hauwa
Haka ne Injiniya, amma kada Sadiq ya tafi da murna da yawa. A 2016, a shari'ar Arendi da Apple, kotun nan dai ta ja burki, ta ce ba za ka cike gurbin muhimmin mataki da "ai hankali ya ba da" kawai ba, sai da hujja da bayani. Shari'a saɓanin hankali. Kuma faten da aka riga aka bayar kotu tana ɗaukarsa ingantacce, mai son rushe shi sai ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa, ba rinjaye kawai ba.

Akwai wata ƙofar. Tun Satumban 2012 ana iya komawa ofishin faten ɗin kansa a nemi alƙalansa uku su sake dubawa. A can rinjayen hujja ya isa, kuma in sun karɓi ƙorafin sukan yanke cikin shekara guda. Sharaɗin shi ne tsofaffin faten da abubuwan da aka wallafa kawai suke karɓa, kuma in an kai ku ƙara kuna da shekara ɗaya ku shigar. Gwaggo ba za ta yi shaida a can ba, sai dai in ta taɓa buga littafi. Abin da ke aiki shi ne tsohon littafin koyar da wata manhajar ɗaukar ma'aikata, ko maƙalar taro, ko tsohon shafin intanet da Internet Archive ta adana da kwanan wata a jiki.

Hajiya_Mairo_Kano
Ni ban gane rabin abin da kuke faɗa ba, amma na yi shekara goma sha ina kawo wa mutane masu aiki. In na tura yarinya gida aka ce ba ta yi ba, washegari in tura wata, a cikin littafina na makaranta nake rubuta wa na tura wa, wa ta dawo. Sadiq ɗana, in littafin zai yi amfani yana nan, bangonsa ne kawai ya cire.

Sadiq_TudunWada
Hajiya Allah Ya ƙara girma, kin sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki. Barista ta ce sai wanda aka wallafa, amma ki adana mana shi.

Ɗazu muka gama wani taron. Oga yana lissafin biya, don kuɗin da suka yanka bai kai abin da lauya ya ce za a kashe kafin ma a shiga gaban alƙali ba. Abokin kasuwancinsa ya ce in aka biya wannan, wasu za su ji ƙanshi su zo. Ba su daidaita ba. Ni dai an ba ni mako biyu in tono duk wata manhajar rabon aikin ma'aikatan jinya ko ta direbobi da aka yi kafin shekarar 2000, musamman wadda ke tsallakawa zuwa na biye in na farko bai amsa ba. Injiniya, ka san inda ake samun tsofaffin littattafan irin waɗannan manhajoji? Waɗanda na samu duk babu kwanan wata a jikinsu.

Injiniya_Bashir
Duba shafin ƙarshe ko bayan bango, wani lokaci a can suke sa shekarar bugu da ƙananan haruffa. Ka kuma bi jerin tsofaffin faten da mai binciken ofishin ya ambata a shafin farko na nasu, kowanne zai kai ka ga wasu. Turo mini saƙo ta gefe bayan magariba.